Tarihin Zuba Kuɗin Gwamnati Don Farfaɗo da Tattalin Arziki

Wannan manufa ita ce hukuma ta ci bashi da gangan, ta kashe shi a ayyuka ko ta sa shi a hannun talakawa, a lokacin da kasuwa ta mutu, masana'antu suka rufe, mutane suka rasa abin yi. Kafin shekarun 1930, yawancin ministocin kuɗi na Turai da Amurka suna ɗaukar hakan ganganci ne. A wajensu, idan kuɗin shiga ya ragu, babu magani sai tsuke bakin aljihu.

Faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929, da karayar arzikin da ta biyo baya, su suka girgiza wannan aƙida. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka yana zaman kashe wando. A shekarar Franklin Roosevelt ya hau mulki da shirinsa na New Deal. Cikin ayyukan farko akwai na ɗaukar samari su dasa itatuwa su gyara gandun daji, ana biyan kowane dala 30 a wata, amma dala 25 gida ake aika wa. Kuɗin nan ba ya kwana a akwati. Uwa ta biya bashin mai kanti, mai kanti ya sari sabon kaya, masana'anta ta kira leburan da ta sallama. Wannan yawon da dala ɗaya take yi daga hannu zuwa hannu shi Richard Kahn ya lissafa a 1931, shi ne kuma John Maynard Keynes na Ingila ya gina littafinsa na 1936, General Theory, a kansa.

Shekarar da ta fi cancantar nazari ita ce 1937. Ganin al'amura sun fara daidaita, sai Roosevelt, wanda dama bai taɓa son giɓi a kasafi ba, ya rage kashe kuɗi. A daidai lokacin aka fara cirar harajin fansho daga albashi, Babban Bankin ƙasar kuma ya ninka ajiyar da ya wajabta wa bankuna. Kafin a ankara, abin da masana'antu ke ƙerawa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku, rashin aiki ya tashi daga kimanin kashi 14 zuwa 19 cikin ɗari. Tamkar an janye wa marar lafiya magani ne tun bai miƙe ba, kuma magidanta miliyoyi ne suka ɗanɗana kuɗarsa. A Afrilun 1938 shugaban ya koma majalisa neman kuɗin ayyuka. Rashin aikin bai kau ba sai da kashe kuɗin Yaƙin Duniya na Biyu ya sauko da shi ƙasa da kashi 2 a 1944.

Ba kowa ya yarda da wannan fassara ba. Milton Friedman da Anna Schwartz, a littafinsu na 1963, sun ɗora laifin karayar kan Babban Banki da ya bar kuɗi suka ƙafe. Hujjarsu tana da ƙarfi, hauhawar farashi haɗe da rashin aiki na shekarun 1970 kuma ta rage wa almajiran Keynes kwarjini na tsawon lokaci.

Rikicin bankuna na 2008 ya dawo da maganar. Sin ta ware yuwan tiriliyan 4, Amurka ƙarƙashin Shugaba Obama dala biliyan 787 a Fabrairun 2009. Girka, wadda masu binta bashi suka tilasta wa tsuke aljihu, ta yi asarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinta, har masanan Asusun Lamuni na Duniya suka amsa a 2013 cewa sun raina ɓarnar da yanke kasafi ke yi. A ganina tarihi ya fi goyon bayan masu cewa a kashe, muddin akwai hannaye da injuna da ke zaune banza, kuma ƙasar tana da inda za ta samu bashi mai sauƙi, abin da ƙasashe matalauta da yawa ba su da shi.

Zamanin korona ya nuna ɗaya gefen. Amurka ta zuba dala tiriliyan 2.2 a Maris 2020, ta ƙara tiriliyan 1.9 a Maris 2021. Ayyuka sun dawo da saurin da ba a gani ba bayan 2008, amma kaya sun yi ƙaranci, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022. Har yau masana na jayayya kan nawa ne laifin tallafin, nawa ne na cunkoson tashoshin jiragen ruwa da yaƙin Yukiren.