Daga Ina Waƙoƙinmu na Kirsimeti Suka Fito?

Da zarar hunturu ya sauka, manoman Aliero sun duƙufa kan albasa, sai ka riƙa jin mawaƙa suna koyon waƙoƙin Kirsimeti da yamma a majami'un Jega da Maiyama. Waƙoƙin nan iri biyu ne, kowane iri da tarihinsa.

Na fari su ne na cikin Littafin Waƙoƙi. Turawan mishan, waɗanda ayarin SIM na farko cikinsu ya iso ƙasar nan a 1893, su suka juyo su daga Turanci tare da masu bi na farko. Mun gode Allah dominsu. Amma karin waƙar na Turai ne, bai san hawa da saukar muryar Hausa ba, bai kuma san dogon wasali da gajere ba. In kari ya ja farkon kalmar gari, sai garin Baitalami ya koma garin tuwo. Muna rerawa dai, mun saba.

Iri na biyu ya fito ne daga cikinmu, musamman daga bakin iyayenmu na Zumuntar Mata. Bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, labarin Luka sura 2 ya shiga kunnen mutane da harshensu, mata kuwa suka ɗora shi kan karin da suke daka da niƙa da shi. Mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa, ana buga tulu da ganga. Waɗansu dattawa sun ƙi gangar da farko, suna ganin kayan tsafi ce. A ganina sun manta cewa waƙar nan Silent Night ma sabuwa ce a 1818, lokacin da Joseph Mohr da Franz Gruber suka rera ta da jita a wani ƙauye na Ostiriya.

Rediyo ya taimaka ƙwarai. ELWA ta fara watsa shirye-shirye daga Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma daga Habasha a 1963, har gwamnatin soja ta ƙwace tashar a 1977. Sai ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, sai zamanin kaset. Ta haka waƙar da aka haifa a Filato ko Kudancin Kaduna takan iso nan, masu bi daga ƙasar Zuru da suka zo aiki ko ciniki su ƙara da nasu.

Yau matasanmu suna ɗaukar sababbin waƙoƙi, suna rarraba su ta waya. Waɗansu na da nama, waɗansu kiɗa ne kawai da maimaita suna ɗaya. Na iyayenmu mata kuwa yawancinsu ba a rubuce suke ba, ba a kuma san wadda ta fara yin su ba. Duk tsohuwar da muka binne, akwai baitocin da aka binne tare da ita.