Rubuta manhaja aikin jama'a ne

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannin fasahar zamani, nake ganin matasanmu sun duƙufa koyon rubuta manhaja. Madalla. Sai dai akwai darasin tarihi da nake so masu koyar da su su duba.

A watan Oktoban 1968, ƙungiyar NATO ta tara masana sama da 50 daga ƙasashe 11 a garin Garmisch na Jamus. Abin da ya dame su shi ne manyan ayyukan manhaja suna wuce wa'adi, suna lashe kuɗi fiye da kasafi, su kuma fito cike da kurakurai. Daga taron nan sunan injiniyancin manhaja ya bazu.

A shekarun ne Fred Brooks ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, aikin da ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 1,000 a lokaci guda. Gwanaye ne, amma aikin ya makara. Bayan ya koma koyarwa a Jami'ar North Carolina ta Amurka, ya fitar da littafin The Mythical Man-Month a 1975, inda ya nuna cewa ƙaro ma'aikata kan aikin da ya riga ya makara ƙara jinkirta shi yake yi. Dole tsofaffin hannu su ajiye nasu su koya wa sabbi, ga kuma yawan magana. Ku lissafa: idan kowa zai tuntuɓi kowa, tsakanin mutum 5 hanyoyin magana 10 ne, tsakanin mutum 50 kuwa 1,225.

Haka a Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter. Manhajar wata tawaga tana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya tawagar ta ɗauka da ma'aunin newton ne. Kowa ya iya lissafi, fahimtar juna ce aka rasa.

Shi ya sa nake ganin ɗalibin da ya gama horo shi kaɗai gaban kwamfutarsa rabin sana'ar ya koya. A haɗa su huɗu ko biyar kan aiki ɗaya. A tura su wajen mai kantin magani ko shugaban makaranta, su saurari buƙatarsa kafin su rubuta komai. Kowa ya karanta aikin ɗan'uwansa. In sun yi nisa, a miƙa aikin ga wata tawaga, su ga ko bayanan da suka bari za su wadatar.

Mu nan akwai ƙarin abu: kunya. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya gyara wa babba. To amma kuskuren manhaja bai san shekaru ba. Malami ya saba wa ɗalibansa da cewa "Malam, nan akwai gyara" cikin ladabi, shi ma ya karɓa ba tare da haɗe rai ba.

Masu koyarwa a cikinmu, yaya kuke yi a ajujuwanku? Allah Ya sa mu dace.