Yadda Hedifon Mai Kyau Ya Sauko Ƙasa

A shekarar 1910, a jihar Utah ta Amurka, wani mutum mai suna Nathaniel Baldwin yana harhaɗa wata na'ura a kan teburin kicin ɗinsa: 'yan ƙananan lasifika biyu, an haɗa su da ƙarfe mai lanƙwasa wanda zai zauna a ka. Ya aika wa sojan ruwan Amurka samfuri, suka gwada, suka ga tana kama sigina mai rauni fiye da abin da ke hannunsu, sai suka ba shi kwangilar guda 100. Ba don kiɗa aka yi ta ba. Kayan aiki ne na masu karɓar saƙon rediyo, mai nauyi, mai matse kai, kuma babu wanda ya damu da daɗin sautinta muddin ana jin saƙon.

Abin da ke cikin hedifon da muke sa a yau ya samo asali ne daga Jamus. A 1937 kamfanin Eugen Beyer da ke Balin ya fitar da DT 48. In ka ɓalle murfin kusan kowane hedifon na kasuwa, irin tsarinsa za ka tarar: maganaɗisu a baya, siririyar waya a naɗe a tsakiyarsa, sai wata 'yar fata mai shara-shara manne da wayar. Lantarkin waƙar ya ratsa wayar, ta motsa gaba da baya, fatar ta kaɗa iska, kunne ya ji. Shi ke nan. An ci gaba da ƙera DT 48 har 2012, shekara 75 ke nan, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dabarar ta nuna tun da wuri.

Wanda ya shigar da hedifon cikin gida shi ne John Koss, makaɗin jaz a birnin Milwaukee. A 1958 shi da injiniya Martin Lange suka kai wani ƙaramin garmaho wurin baje koli, suka haɗa masa hedifon don masu gwaji su ji faifan sitiriyo, wato sautin da aka raba wa kunnen dama nasa, na hagu nasa. Mutane suka bar garmahon suka koma tambayar abin da aka sa musu a kunne. Daga nan aka sami Koss SP/3, aka kuma sami sabon irin mai sauraro: mutumin da zai zauna a kujerarsa da dare ya ji ƙungiyar makaɗa gaba ɗaya ba tare da ya tada iyalinsa daga barci ba.

A ganina babban juyin ya zo ne shekara goma bayan haka. A 1968 kamfanin Sennheiser ya fitar da HD 414, hedifon na farko mai buɗaɗɗen baya. Kafin shi, kowane kofin kunne a toshe yake, sautin da ke fita ta bayan fatar yana bugun bangon kofin ya dawo, waƙa ta fito kamar ana rera ta cikin tulu. Da aka buɗe bayan, iska ta sami hanya, muryoyi suka warware, kowane abin kiɗa ya tsaya a wurinsa. Ga shi da roba da soso aka yi shi, ba nauyi, ba tsada, kuma wayarsa da sosonsa ana iya cire su a sa sababbi. An sayar da fiye da miliyan 10. Wannan ne karon farko da mai ƙaramin albashi ya ji irin sautin da a da sai mai manyan lasifika a falo yake ji.

Shekaru ashirin da 'yan kai da suka biyo baya su ne suka haifi hedifon masu rufe kunne gaba ɗaya waɗanda har gobe ake ba sabon shiga shawarar ya saya. AKG na Ostiriya ya fitar da K240 a 1975. Beyerdynamic, wato kamfanin Beyer ɗin nan, ya fitar da DT 770 a 1985, shekarar da Sony ya fitar da MDR-V6, sannan ƙanensa MDR-7506 ya biyo a 1991. Don situdiyo da gidajen rediyo aka yi su, wurin da ba a son hedifon ya yi wa sauti kwalliya, ana son ya faɗi gaskiyar abin da aka naɗa. Kuɗin bincike da na injinan ƙera su sun daɗe da fita, shi ya sa 7506 ya shekara da shekaru yana yawo a kusa da dala 100. Maganaɗisun niyodimiyam da aka samar a farkon shekarun 1980 shi ma ya taimaka, domin ɗan ƙarami yana yin aikin babba, hedifon ya rage nauyi kuma ƙaramar na'ura ta iya tura shi.

Sai dai kasuwa ta bi wata hanyar. Walkman na 1979 da iPod na 2001 sun koya wa jama'a ƙananan abin kunne na yawo, babban hedifon ya koma na ma'aikatan sauti da 'yan tsirarun masoya. Kamfanin Beats ne ya dawo da shi a 2008, da sunan Dr. Dre a jiki da farashin kusan dala 350. Ba zan hana shi yabonsa ba, ya sa matasa sun sake yarda su kashe kuɗi a kan abin da suke ji. Amma ya bar wata gurguwar fahimta, cewa sauti mai kyau shi ne bes mai girgiza kai, kuma tambari shi ne shaida. Apple ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 3, sannan a 2016 ya cire ramin hedifon daga iPhone 7, sauran kamfanoni suka bi sahu. Tun daga nan kaso mai yawa na kuɗin hedifon yana tafiya ne a batir, Bluetooth da na'urar kashe hayaniya. Suna da amfani ga matafiyi a jirgi. Ga wanda ke zaune a ɗakinsa kuwa, batir abu ne da zai mutu cikin 'yan shekaru ya tafi da hedifon ɗin gaba ɗaya.

Masu bincike sun tabbatar da abin da tsofaffin ma'aikatan situdiyo suka daɗe da sani. Daga 2012, Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi ta gwada masu sauraro ba tare da sun san wane hedifon suke ji ba, suka gano akwai wani daidaiton sauti da yawancin mutane suka fi so. A 2017 Jeroen Breebaart ya duba ma'aunin hedifon 283, ya tarar kusan babu alaƙa tsakanin farashi da yadda hedifon ke daidaita ƙananan sautuka da manya. A wannan tsakanin masana'antun Sin da Taiwan sun riga sun ƙware. Superlux HD681, wanda ya ɗauki siffar K240, da Philips SHP9500 mai buɗaɗɗen baya, sun zama abin da ake nuna wa mai ƙaramin aljihu.

Wanda zai saya a Kano ko Maraɗi yana da nasa lissafin. Jabu sun fi yawa a kan tambarin da ya fi tashe, don haka babban suna a farashin banza alama ce ta a ja baya. Zafinmu kuma ba ya raga wa katifar kunne ta ledar roba. Da gumi ya jiƙa ta na wani lokaci sai ta fara ɓarewa, ka cire hedifon ka ga baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. A tambaya ko katifar tana cirewa, ko wayar tana zarewa, domin a nan hedifon ke fara mutuwa, ba a lasifikar ba. A duba lambar om a jikin kwali: 32 zuwa 80 waya za ta tura shi, 250 kuwa sai da ƙaramin amfilifaya. Wurin gwaji a sa waƙar da kunne ya haddace. Kuntigin Ɗan Maraya Jos zai nuna ko siraran sautuka na soka kunne, kalangun Shata da 'yan amshinsa za su nuna ko bes ya danne murya.

Zaɓi tsakanin buɗaɗɗe da rufaffe kuwa gidan mutum ne ke yanke shi. Buɗaɗɗe ya fi sarari, ya fi shan iska a lokacin bazara, amma na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji shi. Inda janaretan maƙwabci ke ruri har tsakar dare, mai buɗaɗɗe zai yi ta ƙara murya don ya danne hayaniyar, ba tare da ya lura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba na jure desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da an ƙara murya lokacin sai ya ragu da sauri. A irin wannan gidan, rufaffen hedifon mai kaurin katifa, irin 7506 ko DT 770 mai om 80, shi ne zai bar mutum ya saurari waƙarsa a ƙasa-ƙasa.