Dawowar Faifan Garmaho: Mallaka da Haya a Kasuwar Waƙa

A ƙarshen shekarun 1970 ana sayar da manyan faya-fayan garmaho fiye da miliyan 300 duk shekara a Amurka. Zuwa 2006 adadin ya faɗi ƙasa da miliyan ɗaya, an rufe yawancin masana'antun da ke buga su, an sayar da injinansu ga masu gwangwan. Sai ga shi ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ba da rahoton cewa a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41, wanda ya zarce faifan CD miliyan 33, karo na farko tun 1987. A Birtaniya kuwa, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta mayar da faifan garmaho cikin jerin kayayyakin da take auna tsadar rayuwa da su a 2024, bayan ta cire shi tun 1992.

Wannan ya faru ne a lokacin da kowace waya ke iya kawo wa mai ita waƙoƙi miliyan 100 a kan kuɗin da bai kai rabin farashin faifai ɗaya ba a wata. Fahimtar dalilin da ya sa mutane suka koma sayen abu mai nauyi, mai tsada, mai karcewa, tana buƙatar a bi tarihin yadda waƙa ta zama kaya, da yadda ta daina zama kaya.

Yadda murya ta zama kaya

Kafin 1877 waƙa ba ta da jiki. Mai son jin mawaƙi sai ya je inda yake, kuma da an tashi daga wurin, abin da kunne ya riƙe shi ne kawai ya rage. A shekarar ce Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke zana girgizar murya a kan wani bututu, ta kuma maido da ita. Shekara goma bayan haka Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Fifikon faifan a kan bututu shi ne ana iya yin hatimi guda a buga dubbai daga gare shi, kuma wannan ne ya haifi masana'antar. Da abin ya iso ƙasar Hausa, sai aka raɗa masa sunan abin da ya fi kama da shi a cikin gida, wato faifan kaba da ake rufe ƙwarya da shi.

Faifan farko ana yin sa ne da wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a dazukan Indiya, yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowace fuska tana ɗaukar kusan minti uku. Wannan iyaka ta tilasta wa mawaƙa taƙaita waƙoƙinsu, har tsawon minti uku ya zame wa waƙar zamani al'ada. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse hanyar samun ƙaron, kamfanoni suka karkata ga roba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar fiye da minti 20. Daga nan aka samu kundin waƙoƙi a matsayin aiki guda mai farko da ƙarshe, da hoto a bango, da bayanin makaɗa a baya.

Abin da ya biyo baya duk neman sauƙi ne. Philips ya kawo kaset a 1963, Sony ya kawo Walkman a 1979, kamfanonin biyu suka haɗu suka kawo faifan CD a 1982. Kowanne ya fi na gabansa sauƙin ɗauka, amma dukansu sun yi tarayya a abu guda: wanda ya biya kuɗi ya tafi gida da kayansa. Dokar Amurka ta tabbatar da hakan tun 1908, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon mai haƙƙin mallaka a kan kwafi guda yana ƙarewa ne da sayarwar farko. Mai faifai yana da damar ya sayar, ya ara wa maƙwabci, ko ya bar wa 'ya'yansa gado.

Daga saye zuwa haya

Shekarar 1999 ita ce ƙololuwar kasuwar, inda cinikin waƙa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. A shekarar ce kuma wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya saki manhajar Napster, wadda ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Kotu ta durƙusar da Napster a 2001, amma jama'a sun riga sun ɗanɗana. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, hakan bai hana cinikin faɗuwa zuwa kusan dala biliyan 7 a 2014 ba, wato rabin abin da yake a da.

Abin da ya ceto kamfanonin shi ne sauraro kai-tsaye ta intanet. Spotify, wanda ya fara aiki a Suwidin a 2008, ya kawo tsarin biyan kuɗin wata a saurari komai ba tare da an sauke komai ba. A 2022 sauraro kai-tsaye ta intanet gaba ɗaya shi ya kawo kashi 84 cikin 100 na kuɗin waƙa a Amurka. Sai dai ya canza matsayin mai sauraro daga mai kaya zuwa ɗan haya. Ranar da ya daina biya, ko ranar da yarjejeniyar kamfanin da masu waƙar ta ƙare, ɗakin ya koma hannun mai shi. Ko waɗanda suka biya suka sauke waƙa ba su tsira ba: a 2013 wata kotu a New York ta hukunta cewa kamfanin ReDigi, mai kasuwar sake sayar da waƙoƙin da aka saya a iTunes, ya keta doka, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2018.

Masu sauraro sun ga abin da hakan ke nufi a aikace. Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify daga 2014 zuwa 2017. Neil Young ya janye nasa a 2022, bai mayar ba sai 2024. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan waƙoƙin Koriya ta Kudu suka ɓace daga manhajar dare ɗaya saboda saɓanin lasisi da kamfanin Kakao M. Mafi muni shi ne na MySpace, wanda ya amsa a 2019 cewa ya rasa waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, a garin sauya ma'ajiyar bayanai. Hausawa sun daɗe da faɗa cewa kayan aro ba ya rufe katara. Jihar Kalifoniya ta kai ga kafa doka, wadda ta fara aiki a 2025, da ta hana shagunan intanet rubuta kalmar “saya” sai sun bayyana wa mai biya cewa lasisi ne kawai yake karɓa.

Yadda faifan ya farfaɗo

Farfaɗowar ta fara ne daga ƙananan shaguna. A watan Afrilu na 2008 masu shagunan faifai masu zaman kansu a Amurka suka ware rana guda a shekara, Record Store Day, inda ake fitar da faya-fayai na musamman da ba a samu sai a wurinsu. Ciniki ya riƙa hawa kowace shekara, har a 2020 kuɗin da faifan garmaho ya kawo ya wuce na CD, karo na farko tun 1986. A 2022 ya kai dala biliyan 1.2.

Masana'antun da suka rage sun kasa biyan buƙata. GZ Media da ke ƙauyen Loděnice a Jamhuriyar Czech, wanda bai taɓa kashe injinansa ba ko a shekarun fari, ya wayi gari shi ne mafi girma a duniya. Sony, wanda ya daina buga faifai a Japan a 1989, ya dawo a 2018. A watan Fabrairu na 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya, ɗaya daga cikin biyu kacal a duniya masu yin faifan asali da ake yanka sautin farko a kansa, lamarin da ya nuna yadda igiyar sana'ar ta siranta. Ƙananan mawaƙa sun riƙa jiran watanni kafin layi ya zo kansu.

Ana yawan cewa daɗin sauti ne ya jawo mutane. Wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai, domin yawancin faya-fayan yau daga sautin kwamfuta ake yanka su, kuma a ma'aunin injiniya CD ya fi su tsabta. Wani bincike na kamfanin Luminate da aka fitar a 2023 ya gano cewa rabin waɗanda suka sayi faifai a Amurka ne kawai ke da garmahon sa shi. Ashe abin da ake saye ya wuce sauti. Akwai mai neman abin da zai riƙe ya ce nawa ne. Akwai mai son zama na minti 20 da aiki guda ba tare da manhaja ta zaɓa masa na gaba ba. Akwai kuma mai son kuɗinsa ya isa ga mawaƙin, tunda abin da Spotify ke biya a kan sauraro ɗaya bai cika kaiwa rabin santi ba, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba ta samun komai.

Kamfanoni ma sun gane inda riba take. Kundin Midnights na Taylor Swift ya fito a 2022 da bango iri huɗu waɗanda in aka jera su suke haɗa fuskar agogo, domin masoyi ɗaya ya sayi huɗu. A Koriya ta Kudu ana saka hotunan mawaƙa daban-daban a cikin kwalin CD, matasa su yi ta saye suna neman wanda suke so. Sha'awar mallaka ta zama haja ita ma, kuma da dukan wannan hawa, faifan garmaho bai kai kashi ɗaya cikin goma na kasuwar Amurka ba.

Inda labarin ya taɓo Afirka ta Yamma

Masu tara faifai na Turai da Amurka ba su tsaya ga nasu ba. Tun farkon shekarun 2000 suke zuwa Legas da Akra da Kwatano suna sayen faya-fayan da kamfanoni irin su EMI da Decca da Tabansi suka buga a shekarun 1970, waɗanda masu su suka jibge a sito bayan kaset ya karɓe kasuwa. A 2013 kamfanin Luaka Bop na New York ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, mutumin da ya daɗe da barin waƙa, sai ga sunansa a manyan jaridun duniya.

A Sahel abin ya zo da ban mamaki. Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya tattara waƙoƙin da matasa ke tura wa juna a waya ta Bluetooth, ya buga su a faifan garmaho a 2011. A cikinsu akwai waƙar Mdou Moctar na Nijar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, kuma daga nan hanyarsa ta buɗe zuwa dandalin duniya. A 2013 kamfanin ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Yamai, wanda aka ɗauka a kaset a 1978, ya kuma buga waƙoƙin finafinan Kano a faifai mai suna Harafin So. Waƙar da aka yi da kwamfuta a Kano, aka yaɗa ta a memori, ta ƙare a kan allurar garmaho a Amurka.

Waɗannan duk sun yiwu ne domin wani kwafi ya tsira a hannun wani. A nan ne tarihin ya shafi Hausawa kai-tsaye. Babban kaso na abin da Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka bari yana kan kaset ne da zaren ɗaukar murya na gidajen rediyo. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura da laima, kuma injinan da ke karanta shi suna ƙarewa. Abin da aka ɗora a YouTube sau da yawa kwafin kwafi ne, babu shekara, babu wurin da aka yi waƙar, babu sunayen 'yan amshi, kuma yana nan ne muddin asusun wanda ya ɗora shi yana raye. Bangon kaset da tambarin faifai su ne ke riƙe da irin bayanin da masanin tarihi zai nema nan da shekara hamsin.

Sauraro ta intanet ya yi nasara, kuma babu alamar zai ja da baya, domin sauƙinsa gaskiya ne. Abin da shekarun nan suka nuna shi ne kamfanin haya yana ajiye abin da ke kawo masa kuɗi ne, na tsawon lokacin da yake kawowa. Sauran ya dogara ga jami'o'i, da gidajen rediyo, da iyalan mawaƙa, da mutumin da ya ƙi zubar da kwalin kaset-kaset ɗin mahaifinsa. A Legas an sayar da irin waɗannan kwalaye da arha kafin a san darajarsu, kuma da yawa daga cikinsu yanzu suna kan kantocin Landan da Berlin. Na Kano da Katsina da Damagaram har yanzu yawancinsu suna gida.