Yadda Manyan Makarantu Suka Iso Garwa

Ku da 'ya'yanku ke shiga kolej a gida yau, ku sani dā ba haka abin yake ba. A zamanin Faransawa, yaron da ya gama makarantar Garwa, in yana son ƙarin ilmi, sai ya nufi kudu. Ko Ahmadu Ahidjo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, sai da ya je Yawunde. Kuɗin makarantu kudu ce ta fi cinsa, ga arewa kuwa cike da yara. Sarakuna da yawa ma ba su yarda da boko ba, su ma da laifinsu. Sai bayan 1950 aka buɗe kolejoji, na gwamnati a Garwa, na mishan a Ngaundere, inda iyaye ke biyan kuɗi. Jami'ar Garwa kuwa sai a 2022 aka kafa ta.