Baƙo a Duniyar Wasa: Daga Essex Zuwa Alamar Ɗan Tsiro

Duk wanda ya taɓa shiga wasannin nan na intanet da mutum ke zama wani jarumi, a duniya ɗaya da dubban 'yan wasa, ba zai manta ranar farko ba. Ka ƙirƙiri jaruminka, ka raɗa masa suna, sai ka tsinci kanka a tsakiyar wani gari da tsumman riga da guntun takobi. Mutane na ta wucewa cikin sulke mai ƙyalli, suna magana da gajerun kalmomin da ba ka san kansu ba. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun daɗe muna bibiyar tarihin waɗannan wasanni, kuma mun lura cewa yawancin manyan sauye-sauyen da aka yi musu, saboda wannan baƙon aka yi su.

Abin ya samo asali ne a Jami'ar Essex da ke Ingila. A 1978 wani ɗalibi, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wasan MUD a babbar kwamfutar jami'ar, daga baya Richard Bartle ya karɓi aikin. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Ka buga umarni, kwamfuta ta faɗa maka abin da ya faru. Sabon shiga yakan koyi hanya ne ta kuskure, ko ta bakin wanda ya riga shi zuwa. A 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman matsayi, masu yawon gano wurare, masu son hira da zumunci, da masu farautar 'yan'uwansu 'yan wasa. Ya yi gargaɗin cewa idan mafarautan suka yi yawa, masu zumunci za su watse.

Shekara ɗaya bayan nan aka ga zahiri. A 1997 kamfanin Origin na Amurka ya fitar da Ultima Online, inda dogarai ke tsare mutum a cikin gari kaɗai. Baƙo zai shafe sa'o'i yana saran itace ko haƙar ma'adinai, yana hanyar komawa gari sai tsofaffin hannu su tare shi, su kashe shi, su kwashe kayansa. Ga shi kuma duk wata yana biyan kuɗin shiga. Mutane suka riƙa ficewa. A 2000 kamfanin ya raba duniyar gida biyu: Felucca, inda aka bar tsohuwar doka, da Trammel, inda ba a kai wa ɗan wasa hari sai da yardarsa. Akasarin jama'a suka yi ƙaura zuwa Trammel.

EverQuest, wanda ya fito a 1999, ya bi wata hanyar. A mafi yawan sassansa ɗan wasa ba ya iya kashe ɗan'uwansa, amma ita kanta duniyar ba ta da sassauci. A wancan lokacin, idan ka mutu ka yi asarar wani ɓangare na makin da ka tara, sannan ka koma neman gawarka hannu rabbana, domin kayanka na can. A farkon shekarunsa ko taswira babu. Dole baƙo ya buɗe baki ya roƙi taimako: wani ya raka shi, wani ya tayar da shi. Abota da yawa a nan ta ƙullu.

Sai World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya zo a 2004 ya share wa baƙo hanya. Duk wanda ke da aikin da zai ba ka, za ka ga alamar motsin rai ruwan ɗorawa a kansa. Mutuwa ba ta cinye maka maki, kuma kai kaɗai kana iya kaiwa matakin ƙarshe. Dabarar ta ci, domin a 2010 masu biyan kuɗi sun kai miliyan 12. A Disambar 2009 aka ƙara wani tsari: ka danna maɓalli, manhaja ta haɗa ka da mutum huɗu da ba ka sani ba, ku shiga kurkukun dodanni tare. Aiki ya yi sauƙi, sai dai sau da yawa a gama a rabu ko sallama babu. Da aka dawo da tsohon salon wasan a 2019, mutane sun yi layi na sa'o'i don su shiga, wasu kuwa kewar wancan zumuncin ce ta kawo su.

Final Fantasy XIV na Japan ya gwada tsaka-tsaki. Ana liƙa wa sabon shiga alamar koren ɗan tsiro kusa da sunansa, kuma a 2016 aka buɗe zaure na musamman inda gogaggu ke amsa tambayoyin baƙi. Alamar ba ta hana ka kuskure, amma tana gaya wa na kusa da kai ya yi haƙuri.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A wasan intanet kuwa, in ya tafi bai dawo ba, wasan ne ke mutuwa a hankali, tunda tsofaffi ma wata rana za su gaji. Wannan tarihi ya koya mana abu biyu. In aka bar baƙo ba kariya, zai gudu. In kuma manhaja ta yi masa komai, ba zai san kowa ba, babu abin da zai riƙe shi. Shi ya sa idan muka zauna tsara shafin farko na wata manhaja, ko da ta tura kuɗi ce ga wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba, mukan tambayi kanmu: in ya ruɗe, wa zai tambaya, kuma wa zai gane cewa yau ya fara?