Zawon da Ya Ƙi Jin Magani: Tarihin Kumburin Hanji a Dabbobi

Wani mai sauraronmu daga Makera, ta wajen Dutsin-Ma da Kurfi, ya aiko yana tambaya: me ke sa kare ko kyanwa su daɗe suna zawo da amai suna ramewa, ko an ba su maganin tsutsa? To malam, wannan ciwo likitocin dabbobi suna kiransa kumburin hanji mai daɗewa, kuma an daɗe da gane irinsa a jikin saniya.

A shekarar 1895, a birnin Dresden na Jamus, likitoci biyu, Johne da Frothingham, suka duba hanjin wata saniya da ta rame ƙwarai, suka tarar ya yi kauri. Da farko sun zaci tarin fuka ne ya kama hanjin. Sai a 1906 wani likitan ƙasar Denmark mai suna Bang ya nuna cewa cuta ce dabam. A 1932 kuma Dakta Crohn da abokan aikinsa suka bayyana makamancinta a jikin mutane, a birnin New York na Amurka. Na karnuka ya biyo baya: a 1965 aka bayyana wani nau'insa a karnukan da ake kira Boxer.

Sai dai ka lura da bambancin. Na kare da kyanwa yawanci ba ya yaɗuwa. Jikin dabbar ne ke faɗa da abincinta ko da ƙwayoyin da ke zaune cikin hanjinta, shi ya sa sau da yawa canjin abinci kaɗai kan kawo sauƙi. Na shanu, tumaki da awaki kuwa ƙwayar cuta ce, ƙanana kan ɗauka ta kashi ko ta nono, kuma a shanu alamar ba ta bayyana sai bayan shekara 2 ko fiye. Ba ta da maganin da ke warkarwa.

Saboda haka idan zawon karenka ya wuce mako 3, kai shi wurin malamin dabbobi a duba kashinsa. Idan kuma ka ga saniya a kasuwa tana ci sosai amma tana zawo tana ƙanjamewa, kada arha ta ruɗe ka ka kai ta garke. Allah Ya tsare mana dukiya, amin.